Layin da ake kira deadline

A shekarata ta farko ina tace labarai a gidan rediyo, ba kalmar da ta fi yawa a bakina kamar deadline, wato lokacin ƙarshe na miƙa labari. Da biyar na yamma ta yi, labaran ƙarfe shida na jira, sai in leƙa ɗakin 'yan rahoto in ce, "Deadline fa!" Kowa ya sunkuyar da kai, ni kuwa ina ganin aiki nake yi.

Wata rana aka ba ni wani rubutu a kan yaƙin basasar Amurka in fassara, sai ga kalmar a inda ban zata ba. A 1864 'yan Kudancin Amurka, ɗaya daga ɓangarorin yaƙin, suka buɗe sansanin fursunonin yaƙi a Andersonville, cikin jihar Jojiya. Katangar ta gungumen itace ce, kuma daga ciki, kimanin ƙafa 19 daga jikinta, aka zagaya da wani ɗan shinge. Duk fursunan da ya ƙetare shi, masu gadi na da izinin harbe shi nan take. Wannan shingen shi ne deadline, layin mutuwa. Mutum wajen 45,000 aka tsare a wurin, kusan 13,000 suka mutu, galibi saboda yunwa da cuta. Shugaban sansanin, Henry Wirz, an rataye shi a Nuwamban 1865. Sai wajen 1920 kalmar ta zauna a bakin 'yan jaridar Amurka da ma'anar lokacin rufe karɓar labari.

Jikina ya yi sanyi. Ashe kullum da sunan shingen kurkuku nake tsorata yaran da ke ƙarƙashina.

Mu wa'adi muke cewa, kuma asalinsa Larabci ne, daga kalmar da ke nufin alkawari. Gaskiya ne shi ma yana da nauyi, tunda in mutum ya rasu mukan ce wa'adinsa ya cika, amma wancan na Allah ne. Wa'adin da ke tsakanin mutane kuwa, su biyu ke ƙulla shi.

Washegari wani matashi ya dawo daga kasuwa da labarin rikicin 'yan tebur da hukuma. Na tambaye shi ƙarfe nawa zai iya kawo mini. Ya yi jim, ya ce, "Malam, ban ji ta bakin ɗaya ɓangaren ba tukuna, shida ba za ta yiwu ba." Muka tsayar da takwas. Bakwai da rabi ya shigo da muryoyin ɓangarorin biyu.