Watan da na kafa a tsaye

Jiya na miƙa makullin studiyo bayan shekara biyu da wata huɗu, kuma har yanzu abin da ke ci min rai aikin fasaha na ƙorai talatin ɗin nan ne da muka baje kolinsa don tunawa da waɗanda aka rasa a rikicin Jos na 2001 da 2008. Waɗanda suka zo sun gani, ƙorai a jere a ɗaki mai duhu, kowacce da ruwa da 'yar huda a gindi tana ɗiga cikin yashi, majigi na haska wata a bango dare bayan dare daga jinjiri zuwa daren sha huɗu har ya ɓace, ruwan kuma yana ɗaukar hotonsa. Ruwa na ƙarewa wata ya fita daga ƙwarya, shikenan.

Hotunan watan ni aka ce in nemo. Na shiga intanet na kwaso masu kyau tas ban duba inda aka ɗauke su ba, ashe duk na Turai ne. Ranar buɗewa Baba mai gadi ya leƙo, ya daɗe yana kallon bango, can sai ya ce "Ɗana, wannan watan na wace ƙasa ne? Namu ai a kwance yake fitowa kamar akushi." Wallahi sai da gumi ya keto min duk da sanyin Jos na Disamba. Gaskiyarsa ne, mu da muke kusa da tsakiyar duniya jinjiri kishingiɗe muke ganinsa bayan magariba, can arewa mai nisa ne yake miƙewa. Ni fa da tun ina yaro nake bin manya duban watan azumi!

Kuskurena ne, ban musa ba. Amma Oga da ya zauna ya zaɓi hotunan ɗaya bayan ɗaya a kwamfutata, shi ne ya juya gaban baƙi yana dariya wai yaran yanzu ba su san sama ba sai waya. Na haɗiye, na ce a yi haƙuri ranka ya daɗe. Ƙwaryar ƙarshe da muka zuba wa rabin ruwa saboda zagayen wata kwana 29 da rabi ne, shi ya sa wani watan 29 wani 30, shawarata ce, amma da 'yan jarida suka tambaya cewa ya yi a mafarki ta zo masa. Sunana ko a ƙasan fosta babu.

Sauran darussan ba yawa. Hunturu na tsaga ƙwarya, ka sayi rara. Kar ka dogara da NEPA ranar buɗewa. Duk shawarar da za ka ba babba, ka tura a WhatsApp tukuna, ka ajiye.

Daren ranar buɗewar sai ƙarfe biyu na bar wurin, ina juya hotunan ɗai-ɗai, Baba na zaune kan benci da bargonsa yana cewa ƙara kwantar da shi kaɗan, to tsaya, haka yake.