Shafi goma sha huɗu

Laraba, bayan Isha'i.

Yau na karanta shafi goma sha huɗu. Wani zai ce to sai me? Ai rabona da in buɗe littafin labari don jin daɗin kaina, ba don zan koyar da shi a aji ba, tun hutun babbar Sallah.

Safiyar dai irin ta kullum ce: kunu, ɗumame, da cigiyar safar auta wadda ko yaushe sai ƙafa ɗaya ta yi ɓatan dabo. Ina cusa takardun jarrabawar 'yan aji biyu a jaka sai hannuna ya taɓo littafin Ruwan Bagaja na Baba, wanda na ɗauko daga gida wata uku ke nan da niyyar in maimaita. Bango ya tafi, an liƙe gindin da salatif, takardar ta yi ja kamar an tsoma ta a shayi. Na bar shi a ciki kawai.

A Ƙofar Nasarawa adaidaita sahunmu ta maƙale a cunkoso. Na zaro waya kamar yadda hannu ya saba, ashe data ta ƙare tun daren jiya, albashi kuwa da saura. Dole ta sa na buɗe littafin. Wata dattijuwa da ke gefena ta leƙo, ta ce, "'Yar nan, jarrabawa za ki yi ne?" Na ce, "A'a Hajiya, labari ne." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Da girmanki?" Dariya na yi. Kafin mu fita daga cunkoson na ci shafi shida, har na kusa wuce inda zan sauka, Malam Zurƙe na cikin labarin ya ɗauke mini hankali.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, kullum bakina "babu lokaci, babu lokaci". To wannan minti ashirin ɗin daga ina ya fito? Kullum yana nan, waya ce ke lashe shi. Na gwada bin labaran da marubuta ke sakewa shafi-shafi a WhatsApp, wasu ma da daɗinsu, amma kina tsakiyar rigimar kishiyoyi sai ga saƙon rukunin malamai, ga na dangi ana rabon ankon biki, ga mai tallan atamfa. Kafin ki dawo labarin ya huce. Takarda kuwa ba ta ƙara, ba ta kira.

Ni ce fa wadda a sakandare nake karɓo littattafan soyayya haya, in ɓoye cikin littafin lissafi, in kwana gaban fitilar ƙwai Umma na faɗan kananzir. Littafi uku a mako bai dame ni ba.

Da tara ta yi, a ɗakin malamai, na tura takardu gefe na ƙara shafi biyar. Wani abokin aiki ya ce, "Malama, har kin gama makin?" Na ce, "Ina fa, Malam." Sai na tuna masa cewa Abubakar Imam ma malamin makaranta ne a Midil ta Katsina lokacin da ya rubuta wannan littafi, don gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, yana ɗan shekara 22. Shi da alli a hannu ya samu sararin rubutawa, ni karantawar ma ta gagare ni? Ya ce ai shi Imam ba ya dafa tuwon dare. Wannan kam ya yi gaskiya, ban ja ba.

Da magariba aka ɗauke wuta. Babbar 'yata ta ga littafin a kan tabarma, ta ce, "Umma, wannan tsohon fa?" Na kunna tocila na ce ta karanta mini. Abin ya ba ni kunya kaɗan: Turanci tana zuba shi kamar ruwa, amma ƙ da ɗ sai ta yi ta tuntuɓe. Shafi uku muka yi, ina gyara mata, auta na kwance a cinyata yana tambayar ko ruwan nan ana sayar da shi a leda.

Takardu 47 ne suka rage ban duba ba, kuma Juma'a ake son sakamako. Na sa rasit ɗin mai POS a inda muka tsaya. Datar ma sai na ga dama gobe.