Laraba: Goggo da furannin Manet

Goggo ta iso da hantsi ba sanarwa, kamar yadda ta saba. Ta tarar na baje fenti a tabarma a tsakar gida, waya jingine da bokiti. Ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, "Ke kuma yau me ake ɓatawa?"

Zanen nan ne dai na Manet, shahararren mai zanen Faransa, da nake ta fama da kwaikwayonsa, wanda ke gidan tarihi na Orsay a Paris: 'yan furanni ruwan hoda a gilashi, da wani babba mai launin shuni a tsakiyarsu. Furannin ba su ba ni wuya ba, ruwan cikin gilashin ne ya hana ni sakat. In ka buɗa hoton da yatsu biyu sai gilashin ya ɓace, ka ga shafe-shafen fari da ruwan toka kawai, buroshi ya ja nan ya ɗiga can. Ka mayar da shi ƙarami, ga gilashi ga ruwa, har da karan furen a ciki. Nawa kuwa ko daga ina ka kalle shi ruwan wanki ne.

Goggo ta karɓi wayar, ta nisanta ta da fuskarta don ba ta zo da tabarau ba. "Wannan ai bai ƙarasa ba. Ko gefen furen bai gyara ba." Na yi dariya na ce wallahi abin da masu suka suka faɗa ke nan a 1874, lokacin da wasu masu zane, su Monet da Renoir da Berthe Morisot, suka gaji da alƙalan baje kolin hukuma suka buɗe nasu a Paris. Shi Manet bai taɓa sa zanensa a nunin nasu ba, amma abokansa ne, Morisot ma ƙaninsa ta aura. Goggo ta ce duk ba ruwanta, sai dai ta gode Allah fure nake zanawa ba mai rai ba, babu wanda zai tsayar da ita a gidan biki ya ce 'yar ɗan'uwanta ta shiga haramun.

Daɗin hira ya ja ni na ba ta labarin. A 1882 zuwa farkon 1883 ciwo ya ci ƙarfin Manet, ƙafafu sun ƙi, tsayuwa gaban babban zane ta gagare shi. Masu zuwa dubiya suna kawo masa furanni, shi kuma ya sa a zuba su a gilashi ya zana daga zaune. Ƙanana ne, kusan 16.

"Fure?" in ji Goggo. "Mutum na kwance ka je dubiya da fure? Ba lemo, ba ayaba, ba ko kunun gyaɗa a fulas? Kai, Turawa!" Har Hajiya da ke kicin sai da ta tuntsire.

Sai ta tambaya ko ya warke. Na ce a'a, a watan Afrilun 1883 aka yanke masa ƙafar hagu don ta ruɓe, bai yi mako biyu ba ya rasu, yana da shekara 51.

Shiru. Motsin ludayin Hajiya ma ya tsaya. Kowa a gidan nan ya san ranar Litinin likita zai sake duba ƙafar Kawu, kuma kowa ya ji Kawu ya rantse da ƙafarsa biyu za a binne shi.

Goggo ta sake karɓar wayar, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ashe sauri yake yi." Ta ajiye, ta nemi buta.

Tun ɗazu maganar nan ke cina. Ni a littafi na karanta cewa saurin hannun mutanen nan don haske ne, wai kafin rana ta juya launi ya canja, kuma furen da aka yanko ba ya jiran kowa. Gaskiya ne. Amma na sake bin zanen ƙarshen nan ɗaya bayan ɗaya da daddare, furannin a buɗe suke jawur da fari tas, ba wani ƙoƙon kai ko kyandir mai mutuwa irin na tsofaffin masu zanen Holan. Mutum ya ga inda ciwonsa ya dosa, bai roƙi tausayin kowa ba. Wannan ya fi tayar min da hankali a kan a ce ya zana kuka.

Wuta ba ta dawo ba har yanzu. Auta ta cinye min data da kallon girki. Farin fenti ya kusa ƙarewa, kuma ba wannan watan ba.

Yaya ya kira bayan isha, ya ce kowa ya turo nasa kason na kuɗin asibiti kafin Juma'a, kuma wai ni zan je in lallashi Kawu tunda ni yake ji. Na ce to. Ban san ta inda zan fara masa ba.