Wasiƙa daga Miami: yadda ake samun tebur a ƙurarren lokaci a gidajen abinci na musamman cikin jirgin ruwan shaƙatawa

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, muna fata kuna lafiya, ku da iyali baki ɗaya. Muna rubuto muku daga Miami ta jihar Florida a Amurka, inda manyan jiragen ruwan shaƙatawa ke ɗaukar dubban fasinjoji kowane mako. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami tambaya ce guda da ke yawan zuwa daga waɗanda suka biya kuɗin irin wannan tafiya, ko daga nan za su tashi, ko daga Barcelona, Dubai ko Durban. Saura kwana biyu a tashi, ko ma an riga an shiga jirgi, mutum ya buɗe manhajar kamfanin jirgin don ya kama tebur a gidan abincin da ransa ke so, sai ya tarar ko'ina a cike. Shi ke nan an rasa? A'a. Sau da yawa tebur yana nan, sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa ne ya rage.

Bari mu fara da bambancin da ke rikita sabon shiga. Kuɗin tikiti ya haɗa da cin abinci a babban zauren jirgi, da kuma wurin ɗebi-da-kanka da ke can benen sama. Babu wanda zai kwana da yunwa. Gidajen abinci na musamman daban suke: ƙanana ne, kowanne da irin girkinsa, kuma ana biyan kuɗi a kansu. A jiragen kamfanin Royal Caribbean akwai Chops Grille na gasasshen nama da Izumi na girkin Japan. Norwegian na da Cagney's da Le Bistro, Carnival na da Fahrenheit 555, MSC na da Butcher's Cut, Princess kuma Crown Grill da Sabatini's. Kuɗin yakan kama daga kusan dala 25 zuwa 70 ga mutum ɗaya, wasu sun haura 100, sannan a ɗora kuɗin hidima na kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari. Kada ku manta da wannan ƙarin idan kuna lissafi.

Ƙarancin kujeru ba wani abin mamaki ba ne. Jirgin Icon of the Seas, wanda ya fara jigila daga nan Miami a watan Janairun 2024, yana iya ɗaukar fasinja har 7,600. A ce gidan nama na da kujera 100, kuma kowace kujera mutum biyu ke zama a kanta cikin dare ɗaya, ɗaya bayan ɗaya. Mutum 200 ke nan a dare, 1,400 a darare bakwai. Ga jama'a kuma kusan kowa ƙarfe bakwai na yamma yake so.

Amma abin da manhaja ke nunawa kafin tafiya ba shi ne dukan kujerun ba. Kamfanoni da yawa sukan riƙe wani kaso sai an shiga jirgi, saboda masu manyan ɗakuna, da tsofaffin abokan hulɗa, da waɗanda suka sayi abincin darare da yawa a dunƙule. Ban da haka, 'yan kwanaki kafin tashi akan rufe kama tebur ta intanet, a miƙa littafin gaba ɗaya ga ma'aikatan jirgin. A wannan tsakanin za ku ga kamar babu komai, alhali canjin hannu kawai ake yi. Sannan manhaja ba ta da dabara. Idan kun nemi teburin mutum biyu, na mutum biyu kaɗai za ta duba. Shugaban masu hidimar tebur kuwa zai iya ba ku na mutum huɗu da ya san ba zai cika ba, ko ya haɗa ƙanana biyu, ko ya tura ku tsakanin masu tashi da masu zuwa.

Saboda haka ranar shiga jirgi ita ce ranar kasuwa, kuma da sanyin safiya ake kama fara. Ku zaɓi lokacin shiga mafi wuri da aka ba ku, galibi tsakanin 11 na safe da 12 na rana. Da kun taka cikin jirgi, ku sa waya a yanayin jirgin sama, ku kunna wifi na jirgin. Manhajar kamfanin tana aiki a kansa kyauta, ba sai kun sayi intanet ba. Ku duba nan take, domin kujerun da aka riƙe sukan bayyana a wannan sa'a. Idan babu, kada ku bi ayari zuwa wurin ɗebi-da-kanka. A nan kowa ke tururuwa, kuma kafin a gama cin abincin rana an kwashe lokutan da suka fi daɗi. Ku nufi ƙofar gidan abincin kanta, ko teburin kama gurbi da ake kafawa a tsakiyar jirgi ranar farko. Za ku tarar da ma'aikaci ɗaya tsaye bayan ɗan kanta, da kwamfutar hannu a gabansa, taswirar tebura a kan allo, waɗanda aka kama da launi ɗaya, na banza da wani launin. Shi ne mutuminku. Atisayen tsaro na dole ne kafin jirgi ya tashi, kada ku bar shi, amma ba ya cin lokaci mai yawa, kuna iya yin sa bayan kun gama da maganar tebur.

Yadda kuka yi tambaya shi ke buɗe ƙofa ko ya rufe ta. Wanda ya ce «ina son Laraba ƙarfe bakwai» ya ba ma'aikaci damar amsa da kalma ɗaya. Ku faɗi lambar ɗakinku da yawanku, sannan ku ce kowane dare da kowane lokaci ya yi muku, ya nuna muku abin da ya rage. Idan har yanzu babu, ku roƙi a sa ku cikin jerin masu jira, ku tambayi sunansa, ku tambayi lokacin da ya fi dacewa ku sake leƙowa. Gaisuwa da sakin fuska na aiki a nan kamar yadda suke aiki a gida. Ma'aikatan nan watanni suke yi a teku ba su ga iyalinsu ba, suna tsaye sa'o'i masu yawa a rana, kuma ba sa manta wanda ya mutunta su.

Dararen ma ba ɗaya suke ba. Daren farko shi ya fi sauƙi, mutane sun gaji da hanya, wasu jakunkunansu ma ba su iso ɗaki ba, har akan yi rangwame don a cika kujeru. Daren da ake cin ado, da ranakun da jirgi ke wuni a teku bai tsaya ko'ina ba, da daren ƙarshe, su ne masu wuya. Ranar da jirgi ya tsaya a tasha har dare kuwa, jama'a na can gari suna yawo, teburan farkon yamma sukan zauna babu kowa. Daga 6:30 zuwa 8:00 ne cunkoso. Ƙarfe 5:30 ko bayan 8:30 kusan kullum ana samun wani abu. Wannan ma ya zo daidai da lokutan salla. A tekun Bahar Rum lokacin bazara rana ba ta faɗuwa sai wajen tara, don haka teburin 5:30 yakan ƙare tun kafin Magariba ba tare da gaggawa ba. A yankin Karibiyan lokacin hunturu rana na faɗuwa wajen shida, sai ku ɗauki na 8:30, kun riga kun yi Isha'i. Wasu gidajen kuma suna buɗewa da rana a ranakun teku, abincin ya ɗan ragu, kuɗin ma ya ragu, masu nema ba su da yawa.

Akwai wata dama da ke dawowa kowace rana. Kamfanoni da dama na cin tarar wanda ya fasa zuwa bai sanar ba kafin awa 24. Don haka masu fasawa sukan soke tun daren jiya, wasu kuma da safe idan sun ga teku ta tashi, jiri ya kama su, ko da yamma idan sun dawo daga yawon gari a gajiye. Ku duba manhaja kafin ku kwanta, ku sake dubawa bayan karin kumallo, sannan wajen ƙarfe huɗu zuwa biyar ku kira ta wayar ɗaki ko ku je da ƙafarku. Idan duk wannan bai yi ba, ku shirya tsaf ku tsaya a ƙofa lokacin da ake buɗewa. Akan riƙe wa mai tebur wurinsa kamar minti 15 ne, in bai zo ba a ba wanda ke tsaye. Wannan doka na iya juyowa kanku, don haka ranar da kuka samu, kada ku makara.

Wuri ɗaya ne wannan dabara ba ta cika ci ba, shi ne teburin gashin Japan, wanda ake kira Teppanyaki. Faranti ne na ƙarfe mai zafi, mutum takwas zuwa goma sun zagaye shi, kuku na tsakiya yana soya shinkafa da ƙwai a gabansu, yana wasa da wuƙa da cokali. Kujerun a ƙirge suke, lokutan zama a ƙayyade suke, ba a iya cusa ƙarin tebur. Abin da kan rage shi ne kujera ɗaya ko biyu a gefen wani iyali. Idan ku biyu ne, ku ce kun yarda a haɗa ku da baƙi. Idan kun kai shida, ku yarda a raba ku gida biyu, in ba haka ba ku haƙura. Haka teburin babban kuku, wanda mutane kaɗan ke zama a kansa, kuma galibi da giya ake haɗa kowane kwano, ba mu ga abin da zai kai ku can ba. Iyali mai yawa kuma su haɗa lambobin tikitinsu tun kafin tafiya, domin manhaja ba ta barin mutum ya kama wa wanda ba ta san suna tare ba. Masu yara su sani cewa gidajen abincin Palo da Remy na jiragen Disney na manya ne kawai, daga shekara 18.

Abubuwan da ke ɓata shiri ƙanana ne. Na farko agogo. Jirgi na da lokacinsa, wani sa'in ya saɓa da na garin da aka tsaya, waya kuma na iya canza kanta ta bi na garin. Ku kashe canjin lokaci na kai-tsaye, ku bi abin da manhaja da takardar shirin rana suka nuna. Na biyu kuɗi. Teburin da aka kama kafin tafiya galibi ana cire kuɗinsa daga katin banki nan take, na cikin jirgi kuwa ana rubuta shi a kan katin ɗaki, wanda da shi ake sayayya a jirgin. Idan katin bankin gida ya ƙi, katin ɗaki na iya tsayawa. Maganinsa ku je ofishin kula da baƙi ku ajiye dala a hannu, a buɗe muku asusu da ita. Na uku, sayen abincin darare uku a dunƙule ba shi ne kama tebur ba. Biya kawai kuka yi, sai kun zaɓi rana da lokaci, kuma ranar farko ya kamata ku yi haka. Sai tufafi: galibi ba a shiga da gajeren wando, silifa ko kayan iyo. Kaftani da hula da takalmi sau-ciki, ko atamfa da mayafi, sun wadatar har a daren ado.

Maganar da ta fi damunmu ita ce ta halal, kuma a nan gaggawa ba ta da amfani. Tebur na samuwa a ƙurarren lokaci, naman da aka yanka bisa shari'a ba ya samuwa haka. Jirgi na loda kayan abincinsa ne a tasha kafin ya tashi, kuma kamfanonin da ke iya samar da naman halal suna son a sanar da su makonni da dama kafin tafiya. Wanda bai yi haka ba, kada ya biya dala 60 a gidan nama don ya ƙare da dankali da latas. Ya nemi gidan kifi, ko na Italiya, ko na Japan. Ko a can ma sai an tambaya, domin abin da ake gudu a ɓoye yake zuwa: giya a cikin miyar da ake zuba wa kifi da cikin shinkafar Italiya mai ruwa-ruwa, yankakken naman alade a kan salak ko a miyar taliya, giyar shinkafa a romon Japan, barasa a kayan zaƙi irin tiramisu. A teburin Teppanyaki faranti ɗaya ake gasa komai, sai ku roƙi a fara da naku, ko a yi shi a kicin. Ku faɗi wannan tun lokacin da kuke kama teburin don a rubuta a gaban sunanku, ku maimaita wa mai kawo abinci idan kun zauna. Kuku ya fi samun sukunin canza girki a teburin 5:30, kafin oda ta yi masa yawa. Ga wanda ba ya son wannan bincike ko kaɗan, akwai jirgin Aroya na Saudiyya, wanda ya fara tashi daga Jidda a watan Disamban 2024. Abincinsa halal ne, kuma ba a sayar da giya a cikinsa.

Idan kuna da bikin da kuke son yi a jirgin, kamar cikar shekarun aure, ku faɗa wa mai kama tebur gaskiyarsa, yakan ƙara ƙoƙari a kai. Kuma da zarar kun san ba za ku je teburin da kuka kama ba, ku ɗaga wayar ɗaki ku soke, wani na can cikin jerin masu jira.

A gaida mutanen gida, manya da yara. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.

Wassalam,
'Yan'uwanku a Miami