"Ya yi kyau, ɗana" ta kusa cinye mana zangon karatu

Ɗalibaina na shekarar ƙarshe a sashen kwamfuta sun zana manhajar adashi a Figma, dandalin zana fasalin manhaja, na tura su unguwannin Aboabo da Asawase a Kumasi su gwada ta a hannun mata masu zubi. Zanen da rubuta manhajar ba su ba mu wahala ba, yaran sun iya. Rahoton gwajin ne ya tayar mini da hankali: wai babu wadda ta sami matsala. Ko ɗaya!

A aji muna koyar da maganar Jakob Nielsen, masanin sauƙin amfani da manhaja, cewa mutum 5 sun isa su tono kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin amfani da manhaja. Muna kuma cewa a sa mai gwaji ya riƙa faɗin abin da ke ransa yayin da yake latsawa. To wace hajiya ce a Zango za ta dubi ɗan maƙwabciyarta, yaron da ya kai jami'a, ta ce masa aikinsa bai yi ba? "Ya yi kyau, ɗana, Allah ya yi albarka." Su kuma suka rubuta wannan a matsayin sakamako.

Da na bi su na ga abin da idona, sai na tarar har da ƙari. Da zarar yatsan hajiya ya tsaya, yaro zai karɓi wayar: "Kawo, Umma, nan za ki taɓa." Tarbiyya ce, ban ga laifinsa ba, amma daidai wurin da muka zo nema ya share. Matan nan kuwa ba baƙin waya ba ne. Kullum suna tura kuɗi ta *170#, lambar tura kuɗi a layin MTN, sun haddace lambobin da ake bi, da yawansu ba sa ma karanta Turancin da ke fitowa. Mu kuma mun cika musu fuskar waya da alamomi da rubutu.

Makonni suka tafi a kan bayanan banza, ga ranar kare aiki ta matso. Har yanzu abin na ci mini rai.

Muka sake lale. Duk wanda ya zana shafi ba shi zai kai shi gwaji ba, abokinsa zai kai, ya ce aikin wasu ne, gyara ake nema. Hannu a baya, ba taimako sai ta nema da bakinta. A rubuta inda yatsa ya tsaya, a bar yabo. Abin da ya fi aiki shi ne zaunar da mata biyu kan waya ɗaya. Kunyar ɗalibi suke ji, ba ta juna ba. Nan take gardama ta kaure kan ko alamar kwando na nufin zubi ko kwasa, har wata ta ce, "Wanda ya yi wannan bai taɓa adashi ba." Mai zanen na tsaye daga gefe yana ji. A daren ya cire kwandon, ya sa murya da Hausa da Twi.