Ƙunar daji da aka jinkirta mana a yankin farauta kusa da Benuwe

A arewacin Kamaru, tsakanin gandun Benuwe, Faro da Buba Njida, akwai yankunan farauta da gwamnati ke ba 'yan kasuwa haya. A ɗaya daga cikinsu nake riƙe da aikin hanya da wuta. Baƙi daga Turai da Amurka suna zuwa da rani, ma'aikatar daji ta ƙayyade musu yawan ɓauna, gwanki da kanki da za a harba, da kuma eland ɗin Derby, ƙaton naman daji dangin gwanki mai murɗaɗɗen ƙaho, wanda saboda shi mafi yawansu ke biyan kuɗi. Amma kafin baƙo ya sauka a Garwa, mu mun gama rabin wahalar shekara.

Ruwa na ɗaukewa a Oktoba sai mu shiga. A sare itatuwan da suka faɗi kan hanya, a cike mashigai da dutse, a sabunta jinkar bukkoki, a zuba gishiri da kanwa a wuraren lasa. Wannan duk mai ƙarfi zai yi. Wuta ce ke bukatar ido.

Gamba a dajin nan tana wuce tsayin mutum. Daga Nuwamba zuwa farkon Disamba samanta ya bushe, gindinta da sauran ɗanye. Lokacin ke nan. Ka kunna da la'asar sakaliya, iska ta kwanta, wutar ta yi ta rarrafe, raɓar dare ta kashe ta. Tana cin nan ta bar can. Ba a daɗewa toho ya fito, doka ta yi sabon ganye, namun daji su taru, masu bin sawu kuma su ga ƙasa.

Shekarar da nake magana, an kawo mana sabon manaja. Gireda, motar gyaran hanya, ta lalace, ana jiran kayan gyara daga Duwala, sai ya ce ba za a kunna ko ashana ba sai an gama hanyoyi, don yana son mota ta riƙa bin wutar. Na ce masa, "Maigida, ciyawa ba ta san gireda ba. Mu share iyaka da adda da fartanya, mu ƙona tuddai tukuna." Tsohon mai bin sawunmu ma ya sa baki. Manaja ya ce mu jira.

Muka jira har Janairu. Wutar da ta zo ba tamu ba ce, daga wajen iyaka ta taso da tsakar rana, hunturu na kora ta. Ta tsallake hanya kamar ba a taɓa share ta ba. Har yanzu abin da ke ci mini rai shi ne kurmin bakin kogi. Wutar farkon rani ba ta shiga kurmi, sanyin wurin ke mayar da ita. Wannan kuwa ta shiga, ta babbake ƙananan maɗaci da kawo, ta cinye inda mazo da gada ke fakewa. Ƙasa ta riga ta bushe, don haka toho bai fito da kirki ba. Ɓauna suka ƙaura yankin maƙwabta. Da ruwan farko ya sauka, tudun da ba ciyawa ya zubo da yashi cikin mashigan da muka sha wuya a kansu, hanyar da aka jinkirta wuta dominta ita ma ta zaizaye.

Mutane kan ɗauka wanda ya ƙi ƙona daji ya kare shi ne. A irin wannan daji wuta za ta zo ko ka so ko ka ƙi: makiyayi na neman toho, mai zuma na da hayaƙinsa, masu haƙar zinariya na dafa abinci a bakin rafi. Abin da ke hannunka kawai shi ne ta zo a Nuwamba da la'asar ko a Janairu da azahar.

Yanzu ina fara kewaye kurmi da sansani da ƙuna tun ciyawa na da ɗanye, sannan tuddai, kwari a ƙarshe. Ba na ƙone komai, ina barin tsibiran ciyawa don mafaka. Kuma toho na jawo shanu kamar yadda yake jawo gwanki, saboda haka kafin na kunna sai na je wajen arɗo da jauro, wato mai gari, na faɗa musu inda za mu ƙona, mu daidaita kan burtali, 'yan sintiri su koma wajen. In gireda ta sake lalacewa, adda na nan, da ƙafa za mu bi wutar.