Ranar da ɗalibina ya zana wa Katsina ɗakin kara

A zangon karatun da ya wuce na ba 'yan aji shida wani aiki da na ɗauka ba zai wuce mako ɗaya ba. Na ce kowa ya zuba ido a kan lambar mota a hanyarsa ta zuwa makaranta, ya kwafo taken jihar da ke rubuce a jikinta. Ni kuma na ja layi a babban kwali: sunan jiha, takenta na gwamnati, sai kirarin da mutane ke yi mata.

Ɓangaren lambar mota bai ba mu wahala ba, don Kano ba ta rasa baƙin motoci. Da Turanci ake rubuta taken, muka fassara tare. Kano cibiyar kasuwanci, Kaduna cibiyar ilimi, Sakkwato mazaunin daular Usmaniyya, Borno gidan zaman lafiya, Zamfara noma abin alfaharinmu, Jigawa sabuwar duniya. Ta Neja ce ta ɗaure wa yara kai, jiha mai ƙarfi, har wani ya ce ko 'yan dambe ne suka yi yawa a can. Sai da na yi musu bayanin madatsun Kainji da Shiroro da ke ba ƙasa wutar lantarki.

Layi na uku ne ya tona mini asiri.

Na rubuta "Katsina ta Dikko ɗakin kara", na ce a yi zane a gefensa. Wani yaro mai hannu ya zano bukka ta karan dawa, har da kaji a tsakar gida. Dariya na yi, amma laifina ne, ban faɗa musu cewa karar da ake nufi ita ce ta kawaici da mutunta baƙo ba. Abin sha'awa, taken gwamnatin jihar ma a kan karɓar baƙi yake, nan kam lambar mota da bakin mutane sun yi daidai.

Ina cikin gyarawa sai Baba mai gadi, mutumin Daura, ya leƙo ta taga ya karanta.

"Malam, wannan na birnin Katsina ne. Mu namu daban: Daura ta Abdu tushen Hausa."

"Baba, ai jiharku ɗaya."

"Jiha ta yaushe? Ai ina da wayona aka yi ta."

Gaskiyarsa. A 1987 aka cire Katsina daga Kaduna, alhali Sarki Muhammadu Dikko da ake kirarin da shi ya yi sarauta ne daga 1906 zuwa 1944. Haka Jigawa, sai 1991 ta bar Kano, kuma Bahaɗeje bai taɓa zama ɗan "ta Dabo" ba, ko lokacin da muke jiha guda. A nan na gane na haɗa abu biyu da ba sa shiga layi ɗaya. Take na jiha ne, a ofis ake zaɓarsa, wata gwamnatin ma tana iya canza shi, kamar yadda Kaduna da Yobe suka yi. Kirari kuwa na gari ne da masarautarsa, daga bakin maroƙa da matafiya yake fitowa, ba mai sa masa hannu.

Ko namu na gida sai da ya ba ni kunya. Rabin ajin sun ɗauka Dabo ne ya kafa Kano. Ibrahim Dabo a 1819 ya hau mulki, bayan jihadi, alhali kasuwar Kurmi tana ci tun zamanin Muhammadu Rumfa, shekara ɗari uku da ɗoriya kafin shi. In ka tambaye ni, "tumbin giwa, ko da me ka zo an fi ka" ya fi cibiyar kasuwanci faɗin abin da Kwari da Dawanau suke, sai dai ba zai shiga lambar mota ba.

Kwalin dai yage shi muka yi, muka sayi biyu. Ɗaya na jihohi, ɗaya na garuruwa, inda Bauchin Yakubu da birnin Shehu da garin gwamna suka samu wuri. Na biyun har yanzu bai cika ba, don duk yaron da ya je hutu ƙauyensu sai ya dawo da kirari daga bakin kakarsa. Zanen bukkar kuwa na hana a cire, yana nan a jikin bango kusa da allo.